Abin da Masunta Suka Sani Game da Teku

Masu kallo, kusan kashi 40 cikin 100 na kifin da ake kamawa a duniya ƙananan masunta ne ke kamo shi, masu kwale-kwale da koma. Haka wani rahoto na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2023. To amma wa ke lura da kifin da ya rage a ruwan ƙaramin ƙauye? Gwamnatoci da yawa ba su da ƙarfin tura masana kowace gaɓa. Masunta kuwa kullum suna bakin ruwa.

A shekarun 1970 wani masanin halittun teku, Robert Johannes, ya je tsibiran Palau da ke tekun Pasifik ya zauna da dattawan masunta. Sai ga su suna lissafa masa wane kifi ke taruwa ya zuba ƙwai, a wace kusurwar duwatsun murjani, kuma a kwana nawa ga wata. Nau'o'in da suka san lokacinsu sun ninka waɗanda masana kimiyya suka rubuta a duniya baki ɗaya a wancan lokaci.

Sai dai wannan sani yana da haɗari. Wanda ya san daren da kifi ke taruwa, da taru ɗaya zai iya kwashe iyaye tun kafin su zuba ƙwai. Shi ya sa sarakunan Palau ke da ikon kafa dokar hana kamun kifi da ake kira "bul". A Fiji ma, idan sarki ya rasu, akan rufe wani yanki na ruwa har dare 100.

Mu leƙa Madagaska. A ƙauyen Andavadoaka, al'ummar Vezo sun dogara da wata halittar teku mai hannuwa takwas, wato oktofus. Idan ruwa ya janye, mata kan taka cikin duwatsu riƙe da siririn mashi, suna zungurar ramuka. Da kamu ya ja baya, a 2004 mutanen ƙauyen suka rufe wuri guda na watanni bakwai, tare da Blue Ventures, wata ƙungiyar kare halittun teku. Dabarar ta dace da halittar, domin tana saurin girma, kuma a kan sikeli ake sayen ta. Da aka buɗe, sai ga manya-manya.

Amma fa ranar buɗewar ta zo da matsala. Mutanen wasu ƙauyuka da ba su yi haƙurin jira ba suka yi dafifi, rabon kowa ya ragu. Wannan ne, a ganina, ya fi komai muhimmanci: sanin lokaci da wuri ba ya isa idan al'umma ba ta da ikon hana baƙo shiga. Sai ƙauyukan suka haɗa kai a ƙungiyar Velondriake, suna rufe wurare da dama lokaci guda, suka kuma sa ƙa'idojin cikin "dina", dokar gargajiya da kotun ƙasar ke iya amincewa da ita. Wanda ya saci hanya ya shiga wurin da aka rufe, a gaban taron gari ake yanke masa tara.