Abin Da Ke Sa Fim Ya Zama Na Lokacin Biki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

A ƙasar Suwidin, duk ranar 24 ga Disamba da ƙarfe uku na rana, miliyoyin mutane kan ajiye abin da suke yi su zauna gaban talabijin. Abin da ke tara su kuwa zanen yara ne na kamfanin Disney, mai ɗauke da agwagwar nan Donald Duck, wadda a can suke kira Kalle Anka. Fiye da shekara sittin ke nan ana haka. Tsohuwar da ta kalla tana ƙaramar yarinya, yau da jikokinta take kallo, kuma babu wanda bai san abin da zai biyo baya ba. A Jamus ma akwai irin wannan. Daren shiga sabuwar shekara sai an haska wani ɗan gajeren wasan barkwanci mai suna Dinner for One, wanda aka ɗauka a 1963, hoto baƙi da fari, bai cika minti ashirin ba, kuma da Turanci ake magana a ciki. A Rasha kuwa akwai wani fim ɗin soyayya na darakta Eldar Ryazanov da aka fara haskawa ranar 1 ga Janairun 1976, har yanzu shi ne abokin hirar daren sabuwar shekara a gidaje da yawa.

To me ke cikin waɗannan finafinai? Ana fitar da dubbai a kowace shekara, a kalla a manta. Me ya sa 'yan ƙalilan ke dawowa tare da biki, kamar ɗan gida da ya je ci-rani?

Da za ka tambayi yawancin mutane me ke sa fim ya zama na Kirsimeti, za su ce maka dusar ƙanƙara, da bishiya mai fitilu, da dattijon nan mai farin gemu da jan kaya. Bari mu fara da dusar ƙanƙarar, don akwai labari a kanta.

A shekarar 1946 darakta Frank Capra ya shirya It's a Wonderful Life, fim ɗin da Amurkawa da yawa ke ɗauka a matsayin uban finafinan Kirsimeti. A cikin fim ɗin za ku ga titi fari fat, mutane sun sha rigunan sanyi. A jihar Kalifoniya aka ɗauki wannan, a tsakiyar bazara, ana zabga zafi. Idan kuka lura da fuskar jarumin, James Stewart, a wurin da yake tsaye kan gada, za ku ga gumi. Kafin wannan fim, abin da masu shirya finafinai ke yi shi ne su shafa wa busasshen abincin karin kumallo na masara farin fenti su watsa a ƙasa. Matsalarsa ƙara. Da zarar ɗan wasa ya taka sai ka ji ƙuras-ƙuras, dole daga baya a sake naɗar maganganun. Capra ya ce shi yana son muryoyin da aka yi a wurin, sai ma'aikatan kamfanin RKO, ƙarƙashin Russell Shearman, suka haɗa kumfar da ake kashe gobara da ita da sabulu da ruwa, suka riƙa fesawa. Ta sauka a hankali, shiru, kamar ta gaske, har hukumar da ke ba da kyautar Oscar ta karrama su kan wannan dabara.

Duk da wannan wahala, da fim ɗin ya fito bai mayar da kuɗin da aka kashe yadda aka so ba. Aka kalla, aka wuce. Sai a 1974 wani abu ya faru. A dokar Amurka ta wancan lokaci, haƙƙin mallakar fim na ƙarewa bayan shekara 28 idan ba a sabunta ba, kuma masu shi ba su sabunta ba. Nan take gidajen talabijin suka samu fim ɗin da za su haska kusan a kyauta, suka yi ta maimaita shi duk Disamba, wannan tasha ta gama waccan ta ɗauka. Yaran da suka tashi a shekarun 1970 da 1980 sun buɗe ido sun same shi a ɗakin iyayensu. Ta haka fim ɗin da ya kusa nutsewa ya zama al'ada. Wannan shi ne sirri na farko, maimaici. Fim ɗin biki sai an kalle shi bara, da bara waccan, tare da mutanen da wasunsu yau ba sa raye.

Sai dai maimaici kaɗai ba ya isa. Akwai finafinan da aka yi ta haskawa amma ba su zauna a zuciyar kowa ba. Dole labarin ya taɓa wani abu da biki ke tayarwa.

Ga labarin a taƙaice. George Bailey mutum ne da tun yana yaro yake burin barin ƙaramin garinsu ya zaga duniya. Duk lokacin da ya ɗaura niyya sai wani nauyi ya faɗo masa: rasuwar mahaifi, karatun ƙane, da ɗan kamfanin ba da rance da ke taimaka wa talakawa su mallaki gida. A jajibirin Kirsimeti baffansa ya ɓatar da dala 8,000 na kamfanin, George ya ga kurkuku da abin kunya a gabansa, har ya yanke ƙauna da rayuwa. A nan ne, a cikin labarin, aka aiko masa da wani mala'ika ya nuna masa yadda garin zai kasance da ba a haife shi ba.

Abin da ya fi burge ni a fim ɗin nan ɗan ƙaramin abu ne. A gidan George akwai wani ƙulli na katako a kan makarin matakala, wanda duk lokacin da ya dafa sai ya cire ya biyo hannunsa. A farko haushi yake ba shi, domin yana tuna masa cewa a tsohon gida yake zaune, ba shi da kuɗin gyara. Amma da ya dawo gida a guje a ƙarshen fim, ƙullin ya sake cirewa, sai ya sumbace shi kafin ya mayar. Gidan bai canza ba, bashin ma yana nan. Sannan maƙwabta suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan abin da ya samu, ana zubawa a kan tebur. Duk wanda ya taɓa ganin yadda 'yan unguwa ke haɗa gudummawa idan gobara ta cinye shagon wani, ba ya buƙatar a fassara masa wannan wurin.

Asalin irin wannan labari ya girmi sinima. A 1843 marubucin Ingila Charles Dickens ya fitar da ɗan littafinsa kan attajiri marowaci, Scrooge, wanda a dare ɗaya aka nuna masa jiyansa da yau ɗinsa da gobensa, ya wayi gari da buɗaɗɗen hannu. An mayar da shi fim sau da dama, kuma finafinan Kirsimeti da yawa a kan wannan turba suke: mutum ya yi nisa da mutanensa, dare ɗaya ya girgiza shi, ya dawo.

Yanzu mu zo kan wanda na san da yawanku kun kalla, Home Alone na 1990. John Hughes ya rubuta, Chris Columbus ya ba da umarni, aka ɗauka a wani gida da ke garin Winnetka kusa da Shikago. An kashe kimanin dala miliyan 18, ya tara sama da miliyan 470 a faɗin duniya. Kowa na tuna Kevin, yaro ɗan shekara takwas da iyalinsa suka manta a gida suka hau jirgi zuwa Faransa, da ɓarayin nan biyu da ya gasa wa aya a hannu, wannan ya taka kayan ado masu tsini ba takalmi, wancan gwangwanin fenti ya sauka a fuskarsa. Muna yara dariyar muka sani.

Amma ku sake kallonsa da idon manya, ku bi mahaifiyar. Tun daga lokacin da ta tuna a cikin jirgi cewa ɗanta na gida, ba ta sake zama ba. Jirage sun cika saboda biki, ta roƙi fasinjoji, ta miƙa agogonta da 'yan kunnenta don a bar mata kujera. Da ta maƙale a wani filin jirgi a garin Scranton, sai ta shiga bayan motar ɗaukar kaya tare da wasu makaɗa da ba ta taɓa gani ba, aka yi ta tafiya cikin dare. Wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota ana gobe Sallah, kuɗin mota ya ninka, motoci sun ƙare, ya ce ko a bayan tirela ne zai hau don ya kwana a gida, ya san abin da ke zuciyar matar nan. Ina ganin shi ya sa yaron da ya tashi a Kano ko Damagaram, bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, kuma ba ya bikin Kirsimeti, yake jin fim ɗin har cikin ransa. 'Yan uwanmu Hausawa Kiristoci kuwa, su da wannan tafiya ta Disamba tsofaffin sani ne.

Akwai kuma muhawarar da Amurkawa ke sabuntawa duk shekara a kan Die Hard na 1988. A watan Yuli ya fito, cike yake da harbe-harbe, kuma shi kansa jarumin, Bruce Willis, ya taɓa faɗa a bainar jama'a a 2018 cewa ba fim ɗin Kirsimeti ba ne. Masu cewa shi ne kuma suna da hujja: a jajibirin Kirsimeti komai ya faru, kuma jarumin labarin, wanda ɗan sanda ne, ya taso ne tun daga New York zuwa Los Angeles don ya sasanta da matarsa ya ga 'ya'yansa. Ni ina tare da waɗannan na biyun. Idan ka cire bikin, babu dalilin tafiyar tasa, babu walimar ofis da ta tara mutanen a wuri ɗaya. Wannan ma'auni ne mai kyau da za ku iya gwada kowane fim da shi: a zare bikin daga ciki, a ga ko labarin zai tsaya da ƙafarsa. In ya tsaya daram, to ado kawai aka yi da bikin.

Kada mu manta da kunne da ido. Kiɗan da John Williams ya yi wa Home Alone, da ƙararrawa da muryoyin yara, yana sanar da kai lokacin da ake ciki kafin kowa ya buɗe baki. Hasken ma da gangan ake tsara shi: waje shuɗi-shuɗi mai sanyi, cikin gida ja da kore da ruwan zinare. Ana so mai kallo ya ji kamar yana tsaye a waje cikin hunturu yana leƙen taga, yana marmarin shiga.

Wasu ƙasashen kuma nasu salon daban ne, sabon fim ake jira, ba tsoho ba. A Indiya manyan jarumai na ajiye finafinansu sai lokacin Diwali, wato bikin fitilu na mabiya addinin Hindu, ko Idi, kuma masoya finafinan Indiya a nan sun san yadda Salman Khan ya shahara da fitar da nasa a Ƙaramar Sallah, kamar Bajrangi Bhaijaan a 2015, wanda shi ma labarin mayar da ɓatacciyar yarinya gida ne. A kudancin Najeriya watan Disamba ya zama kakar sinima, inda fim ɗin Funke Akindele na ƙarshen 2023, A Tribe Called Judah, ya zama na farko a Nollywood da ya haura naira biliyan ɗaya. Mu ma a nan, sau nawa muka ji ana tallar fim ana cewa sai ranar Sallah? A irin wannan, shirin fita da sabon ɗinki da haɗuwa da abokai a ƙofar sinima duk suna cikin daɗin kallon.

Idan kuka tambaye ni wurin da na fi so a duk finafinan nan, zan koma Home Alone, cikin coci, kafin ɓarayi su iso. Kevin ya shiga ya zauna shi kaɗai, sai ga tsohon maƙwabcinsu, Marley, wanda yaran unguwa ke tsoro suna yaɗa cewa mai kisan kai ne. Tsohon ya zauna kusa da shi, ya nuna masa wata yarinya a cikin masu rera waƙa, ya ce jikarsa ce. Ya zo kallonta ne a lokacin gwaji, domin shekaru da suka wuce sun yi cacar baki da ɗansa, tun daga nan ba sa magana, ba zai iya zuwa lokacin da iyalin ke nan ba. Yana son ya kira ɗan nasa a waya, amma yana tsoron kada ya ƙi amsa masa. Yaro ɗan shekara takwas ne ya ba shi shawara, ya ce ya kira kawai, ko ba komai zai san matsayinsa, ya huta da fargaba.

Washegari da safe, bayan mahaifiyar Kevin ta iso, gida ya cika da hayaniyar 'yan uwa, sai yaron ya je bakin taga. A waje dusar ƙanƙara na sauka, ga tsoho Marley tare da ɗansa da surukarsa, ya rungume jikar tasa. Ya ɗago kai ya hangi Kevin, ya ɗaga masa hannu.