Zuma a Gidajenmu: Inda Take Magani da Inda Take Cutarwa

Wata ma'aikaciyar lafiya mai kula da fannin abinci ce ta gabatar da wannan lacca a harabar wata Islamiyya da ke Aboabo, Kumasi, bayan sallar La'asar. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa, an rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba Liman, malamaina, iyayena maza da mata, ƙannena, barkanku da yamma. Na baya ku ɗan matso, na'urar ba ta da ƙarfi.

An ce in yi magana kan zuma. A gaban malamai ba ni zan karanta muku Suratun Nahli ba, kun fi ni sanin aya ta 68 da ta 69, inda Allah Ya ambaci abin sha mai launi iri-iri da ke fitowa daga cikin ƙudan zuma, Ya ce a cikinsa akwai waraka ga mutane. Kun kuma san hadisin mutumin da ɗan'uwansa ke fama da ciwon ciki, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta ce masa ya shayar da shi zuma har ya warke. Babu mai ja da wannan a cikinmu. Abin da ya kawo ni shi ne yadda muke amfani da ita a gida, domin a asibiti muna ganin waɗanda zuma ta taimaka, muna kuma ganin waɗanda aka kwantar saboda an ɗora mata aikin da ba nata ba.

Mu fara da abin da ke cikin kwalbar. Ƙuda yana tsotso ruwan fure, na kaɗanya ko ɗorawa ko darbejiya ko kashu, ruwan nan tsararo ne. Ya kai amya, ya gauraya shi da wasu sinadarai na jikinsa, 'yan'uwansa su yi ta fifita da fukafukai har ruwan ya ƙafe, sannan su like bakin saƙar da kaki. Zumar da ta nuna, ruwan da ke cikinta wajen kashi 17 ne cikin 100. Sauran fa? Kusan kashi 80 sukari ne. Na ga Hajiya ta ɗago kai. E, Hajiya, sukari. Ba irin na ƙwara da muke saye a kasuwar Kejetia ba, amma da ya shiga jini aikinsu ɗaya. Akwai ɗan ƙarfe da sauran ma'adinai da sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki, musamman a baƙar zuma, sai dai kaɗan ne ƙwarai. Wanda ke neman ƙarin jini ya nemi zogale da wake da hanta, ya fi masa sauƙi a aljihu ma.

To me ya sa har yanzu nake cewa ta fi sukari? Ta fi shi zaƙi a baki, don haka kaɗan ya isa. Tana da ƙamshi da ɗanɗano, wanda sukari ba shi da shi. Tana kuma da waɗancan 'yan abubuwan da na lissafa, shi kuwa an tace shi tas. Amma ku riƙe wannan lissafin: babban cokali na zuma yana ɗauke da kalori wajen 64, na sukari bai kai 50 ba, domin ita ta fi nauyi. Ribar tana samuwa ne idan ka cire sukari cokali uku daga kofin kokonka ka sa zuma cokali ɗaya. Mu kuwa me muke yi? Mai koko ta zuba sukarinta, mu zo gida mu ƙara zuma a kai wai don lafiya. Da rana a sha burkina, wato haɗin gero da nono, da madara mai zaƙi, da yamma samari su zauna a kan shayin ataya, ita ma kun san yadda ake loda mata.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa zaƙin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana. Ga babba, wajen giram 50 ke nan, ƙaramin cokali 12, kuma in an rage zuwa 6 ya fi. Sun sa zuma a cikin wannan lissafin, da sunanta. Gwamnatin Ghana ma a 2023 ta ɗora harajin kashi 20 a kan lemukan da aka zaƙaƙa. Harajin ba ya shiga madafinmu, can sai mu da kanmu.

Masu ciwon suga, ku nake nufi yanzu. Akwai maganar da ke yawo cewa zuma ta asali ba ta tayar da suga, har wai tana sauke shi. Ba gaskiya ba ne. Tana iya ɗan jinkiri kafin ta tayar, amma tana tayarwa. Mai na'urar gwaji a gida ya gwada kafin ya sha da kuma bayan awa biyu, ya gani da idonsa. Kada wani ya ajiye ƙwayarsa ko allurarsa saboda an sayar masa da kwalba a mota. Wuri ɗaya ne zuma ke ceton mai ciwon suga: idan sugan ya faɗi, yana karkarwa yana gumi amma yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, to a ba shi cokali guda. In ya suma, kada a ɗura masa komai, a yi asibiti da shi.

Inda take aiki kuwa, tana aiki sosai. Tari na mura shi ne na farko. A 2007 likitoci a Jami'ar Jihar Pennsylvania da ke Amurka sun gwada a kan yara 105 masu tarin dare. Wasu aka ba su zuma, wasu maganin tari na kanti, wasu ba a ba su komai ba. Iyayen waɗanda suka sha zuma su suka fi ba da labarin sauƙin tari da samun barci. A 2018 hukumomin lafiya na Ingila suka sa zuma cikin abin da za a fara gwadawa ga tarin mura, maimakon gaggawar neman maganin kashe ƙwayoyin cuta. Rabin ƙaramin cokali zuwa cokali guda kafin a kwanta, ko a ruwan ɗumi da lemun tsami da citta, sannan a wanke baki, don zuma ma tana cin haƙori. Amma tarin da ya kai mako biyu, da rama da gumin dare, wannan a je a yi gwajin majina, kada ya zama tarin fuka ana nan ana lasar cokali.

Sai rauni da ƙuna. Ƙwayar cuta tana son ruwa, zuma kuwa zuƙe ruwa take yi. Tana da ɗan tsami wanda ƙwayoyin ba sa so, kuma idan ta haɗu da ruwan ciwo tana fitar da irin sinadarin nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi, kaɗan-kaɗan. Shi ya sa akwai zuma ta musamman da asibitoci ke ɗaure ciwo da ita, galibi daga furen manuka na ƙasar New Zealand. Waccan an kashe duk wata ƙwayar cuta da ke cikinta kafin a rufe. Ta kasuwa ba a yi mata haka ba. Ƙaramar ƙujewa ba na hanawa. Amma gyambon ƙafar mai ciwon suga, ko ƙunar da ta ci fata, a kai Komfo Anokye ko asibitin da ya fi kusa. Ido kuma, don Allah a daina ɗiga masa.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, iyayena mata ku ba ni kunnuwanku. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma. Ko ɗigo. Na san al'adarmu: an haihu, kaka ta lakato ta sa a baki, yaro na kuka, a shafa a kan nono, ana tari, a haɗa da rubutu. Da kyakkyawar niyya ake yi, na sani. Amma akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa da ƙura, irinta yakan shiga zuma, har mai kyau ta asali. Cikin babba ya saba, irin zai wuce bai yi komai ba. Hanjin jariri bai ƙosa ba, sai irin ya tsiro a ciki ya fitar da dafi mai kashe jijiyoyi. A 1976 likitoci suka gane wannan ciwo a jarirai. Alamarsa ta farko yaro ya daina kashi, sai tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya disashe, wuya ya saki, ido ya riƙa lumshewa. In aka yi sake numfashi ne ke tsayawa. Mu kuma da mun ga haka sai mu ce iska ce ko baki, a ƙara ɗura masa abin da ya jawo. Tafasawa a gida ba ta kashe irin nan. Ciwon ba kasafai yake faruwa ba, gaskiya, amma wace uwa ce za ta yarda a yi caca da nata? Malamai na zaune, su gyara mini in na kauce: tahniki, wato shafa wa jariri abu mai zaƙi a baki, da ya zo a hadisi da dabino aka yi shi. Uwa mai ciki ko mai shayarwa kuwa ta sha zumarta, babu komai.

Saura maganar jabu. Ba mu kaɗai ba ne. A 2023 Tarayyar Turai ta bayyana cewa daga samfuri 320 na zumar da ake shigar mata, kashi 46 cikin 100 ana zargin an gauraya su da ruwan sukari. Gwajin ashana da na tururuwa da na ɗigawa a ruwa, ni ban yarda da ko ɗaya ba, mai haɗin ya fi ku sanin su. Kuma zumar da ta daskare ta yi tsaki-tsaki ba jabu ba ce, halinta ne, a sa kwalbar a ruwan ɗumi ta narke. Wadda ke kumfa tana warin tsami, ita ce aka ɗebo ba ta nuna ba ko aka ƙara mata ruwa. Mai warin hayaƙi kuma da wuta aka ci amyar, aka matse har da 'ya'yan ƙudan. Nan garin, a jami'ar KNUST, tun shekaru da dama aka koyar da kiwon zuma a akwatin katako mai sanduna a sama, inda ake ciro saƙar da ta nuna a bar sauran. Stephen Adjare na wannan jami'a har littafi ya rubuta wa Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haka a 1990. Ku nemi mai kiwo da kuka sani, ko kwalba mai lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana. Araha ba ta ado.

Daga nan aka ba da damar tambaya. Wani dattijo ya ce shi yakan zuba zuma a shayi yana tafasa, ko akwai laifi?

Baba, ba ta zama guba, kada a tsorata ka. Sai dai zafi yana lalata sinadaran da ƙudan ya sa mata, ƙamshin ma ya gudu, ka ga ka sayi sukari da tsada ke nan. Ka bari shayin ya huce har ka iya kurɓa, sannan ka zuba.

Wata matashiya ta ce jikan gidansu watansa goma, yana tari, me za a ba shi tunda an hana zuma?

Ƙanwata, nono, a yawaita masa. A share masa hanci, a nisanta shi da hayaƙin gawayi da maganin sauro na ƙonawa. Ki ɗaga rigarsa ki duba ƙirji: in yana numfashi da sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa na shiga ciki, ko ya ƙi kama nono, kada ku jira gari ya waye. Zumar ku ajiye masa, saura wata biyu.