Tsohuwar Kyamara a Ikeja, Hoton Baba Mai Goro a Agege

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Ƙarfe bakwai da 'yan mintuna, ga ni a ƙarƙashin gadar Pen Cinema a Agege ina jiran danfo zuwa Ikeja. Ku yi haƙuri da hayaniyar, Legas ce, kwandasta ba ya kiran fasinja a hankali. An kwana ana ruwa, kun ga yadda titi ya jiƙe.

Bari in nuna muku abin da ya fito da ni da sassafen nan. Ga gilashin kyamarata, mai milimita 50, wanda na taho da shi tun daga Kano. Zan haska shi da fitilar waya, ku duba ciki da kyau. Kun ga wani abu fari kamar saƙar gizo-gizo? Funfuna ce. A gida ƙura muke tsoro, da hunturu ya kama sai ka naɗe kyamara a ƙyalle ka zuge jaka, shi ke nan ka tsira. A nan wannan dabarar ce ta cuce ni. Legas danshi gare ta, jaka a rufe cikin ɗaki mai duhu kuwa ita ce gidan funfuna. Wata biyu ban taɓa gilashin ba, na buɗe na tarar da haka, kuma wallahi raina ya ɓaci, domin da shi na ɗauki hawan Daushe na farko a rayuwata. Duk wanda zai sauko kudu da kayan aiki, ya nemi robar da iska ba ta shiga, ya zuba 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, ya kuma riƙa fito da kayan suna shan haske.

To, mun iso. Wannan ita ce Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja, nan titin Otigba ne. Waya a aljihun gaba, jaka a ƙirji. Shagon da zan shiga yana bene, mai shi ya ce in ɗauki kaya amma ban da fuskarsa, na kuwa yarda.

Ku kalli kantar nan ta hagu. Duk waɗannan manyan baƙaƙen kyamarori na hannu ne, masu madubi, waɗanda ake kira DSLR. Shekara goma da suka wuce su ne mafarkin kowane mai hoto daga Fagge har Obalende. Yau ga su jere kamar buhunan da aka sauke daga tirela ba a zo ɗauka ba. Dalili shi ne duniyar hoto ta yi ƙaura zuwa kyamara marar madubi. Sony ce ta fara buɗe hanyar sosai da a7 a 2013, Canon da Nikon suka biyo baya da nasu masu gogayya da ita a 2018. A 2020 kamfanin dillancin labarai na AP ya sanar cewa duk masu ɗaukar hotonsa za su koma Sony, kuma a ƙarshen 2021 shugaban Canon da bakinsa ya ce 1D X Mark III ce babbar mai madubi ta ƙarshe da za su ƙera. Masu hoto a Ingila da Amurka suka yi ta sayar da tsofaffin nasu, kayan suka gangaro mana nan.

Ga wanda bai san bambancin ba, bari in cire gilashin ku gani. Wancan ɗan madubin shi ke tura haske sama zuwa idonka. In ka danna, sai ya ɗaga, haske ya faɗa kan sensa, wato ɗan farantin da ke kama hoton, sannan madubin ya koma mazauninsa. Ƙarar "ƙwas" ɗin da kuke ji ke nan. Marar madubi babu wannan, sensa ce ke kallo kullum, kai kuma kana leƙen wani ɗan allo a ciki, kana ganin hoton yadda zai fito tun kafin ka danna. Tana kama idon mutum ta bi shi ko yana tafiya, kuma tana iya ɗauka shiru. Wannan shirun ina sonsa ƙwarai. Duk wanda ya taɓa aiki a wurin ɗaurin aure cikin masallaci, liman na addu'a kyamararka na ƙwas-ƙwas, dattawa na waiwayowa, ya san abin da nake nufi. Aibinta shi ne cin batir, kuma a unguwar da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sababbin kuma ai sai kallo. Sony a9 III da aka sanar a ƙarshen 2023 tana ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa ɗaya, da ta fito kuɗinta ya kusa dala 6,000. Ƙaramar Fujifilm X100VI ta 2024, wadda matasa suka yi wa rububi har ta yi wuyar samu, da ta fito dala 1,599 ce. Yanzu ku lissafa da naira. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Yaron da ke hoton biki a Idi-Araba, biki nawa zai yi kafin ya tara wannan?

Shi ya sa hankalina ya tsaya kan wannan. Canon 5D Mark III ce, ta 2012, da ta fito dala 3,499 ake sayar da ita. Na zo neman gilashi ne kawai, amma tun da na ɗaga ta na kasa ajiyewa. Mai shagon ya ce, "Aboki, wannan ba ta mutuwa." Na ce masa, oga, gani ya kori ji, bari in gwada. Abu na farko da nake tambaya shi ne sau nawa aka danna ta, domin Canon ta auna shotar wannan, wato labulen da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka danna, a kan dannawa 150,000, in ta kusa can sai ka sa kuɗin gyara a lissafi. Ya jona ta da kwamfuta, adadin bai kai rabi ba. Sai na tsuke ƙofar hasken gilashin sosai, zuwa f/16, na ɗauki farin bango, in akwai datti ko tabo a sensa nan zai fito. Ɗigo biyu na gani, na gogewa ne. Na leƙa ramin kati da fitila, domin ƙusoshin ciki sukan lanƙwashe. Na sa katina na kaina, ban yarda da nasa ba. Mun yi ciniki mai tsawo, na tashi sau biyu yana kirana in dawo, a ƙarshe ya ce in kawo kuɗi, ya haɗa min da batir biyu da wani gilashin mai milimita 50 tsaf babu funfuna. Da tsohuwar zuma ake magani, jama'a.

Na yanke bidiyon a nan saboda cunkoso. Yanzu la'asar ta wuce, na dawo Agege, kuma akwai abin da nake so mu tattauna da gaske.

In ka miƙe titin nan kaɗan za ka isa Abule Egba. Ranar 26 ga Disamba 2006 bututun mai ya fashe a can, mutum fiye da 200 suka rasu. Akintunde Akinleye, mai ɗaukar hoto na kamfanin dillancin labarai na Reuters, ya je wurin ya ɗauki wani mutum yana wanke baƙin hayaƙi daga fuskarsa, bayansa duk toka da ƙonannun kaya. Hoton ya ci kyautar World Press Photo a 2007, karo na farko ga ɗan Najeriya. Kyamarar da ake aiki da ita a shekarar ba ta kai wadda ke rataye a wuyana yanzu ba. Shi ya isa wurin, ya tsaya, ya jira. Haka marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, a garin nan ya zauna, daga 1968 ya kama ɗaukar kitson matan Najeriya har ya tara kusan hoto 1,000, yau ana rataye su a manyan gidajen tarihi na duniya. Fati Abubakar kuma ta ɗauki Maiduguri yadda mazaunanta ke rayuwa, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da amare, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai bam.

Mu fa? Hausawa sun daɗe a Agege tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasan da ya haɗa Legas da Kano. Akwai jikoki da tattaɓa-kunne da aka haifa a nan, suna Yarabanci kamar ruwa. Amma ka nemi hotonmu a jarida, sai ka ga rikicin kasuwar Mile 12 na 2016, ko baburan 'yan acaɓa da aka kama bayan dokar hanawa ta 2022. Ina hoton mai sauke kwandon tumatir da asuba, wanda rabin garin nan ke miya da guminsa? Ina na mahautan Oko-Oba, ina na malamin allo, ina na Hajiya mai tuwo da ta aurar da 'ya'ya da kuɗin murhu? Wannan abin yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma ba baƙo ne zai zo ya ɗauka mana ba, domin shi sai an yi gobara yake zuwa.

Ga Baba can, mai goro, shekara da shekaru a wannan rumfar. Zan kashe sauti in gaishe shi tukuna.

Na dawo. Na durƙusa na ce, Baba, barka da yamma, ina neman izini in ɗauke ka hoto. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ina za ka kai shi? Yanzu an ce ana sa wa mutum maganar da bai yi ba." Tambayar ta zauna min, domin ita ce manyan editocin duniya ke fama da ita. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci kyauta a gasar hoto ta Sony, sannan ya ƙi karɓa, ya bayyana cewa ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa hoton, ba kyamara ba. A shekarar ce Leica ta fitar da M11-P, kyamara ta farko da ke buga wa kowane hoto hatimi a ɓoye, mai nuna na'urar da ta ɗauka da duk gyaran da aka yi masa daga baya. Sony da Nikon da Canon ma sun bi sahu a wasu nasu. Kyamarar da ke wuyana ba ta da wannan hatimin. Abin da nake yi shi ne in ajiye ɗanyen fayil na asali a wuri biyu, in daidaita kwanan wata da agogon kyamara, in rubuta sunan wuri a littafi. In zan tura wa edita ta WhatsApp kuma, a matsayin fayil nake turawa, don in ka tura shi a matsayin hoto ana matse shi, bayanan cikinsa su zube.

Ban yi wa Baba wannan dogon bayanin ba. Na ce masa zan wanke hoton in kawo masa a hannu, kuma ba zan sa shi ko'ina ba sai ya gani ya amince. Ya yi shiru, ya gyara hularsa, ya yayyafa wa goron ruwa, ya buɗe ganyen ya fito da farare manya guda uku ya ɗora a sama. Ya ce, "To ɗauka, amma goron ya fito sosai."

Na ɗauki bakwai. Hasken yamma ya shigo ta gefen rumfar ya sauka a hannunsa, kuma na huɗun shi ne, na sani tun kafin in duba. Ba zan nuna muku yau ba, alkawari na yi. Gobe da safe zan koma Ikeja a wanke shi babba, a sa masa firam, in Baba ya yarda za ku gan shi a bidiyo na gaba. Ya ma ce maƙwabcinsa mai dabino yana so, kuma akwai wani tsoho a bayan masallaci da ya zo garin nan a jirgin ƙasa tun yana saurayi, zai haɗa ni da shi ranar Juma'a.

Ga kiran magariba nan an fara. Bari in sa kyamarar a roba kafin ruwan nan ya sauko. Sai mun haɗu, Allah ya kai mu.