Takarda a Cikin Bokiti: Lacca Kan Barkwancin Nan-take

An naɗi wannan lacca aka mayar da ita rubutu. An rage gaishe-gaishen farko da wasu maimaice-maimaice.

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan uwa, na gode da kuka zauna. Na baya kuna jina? To, madalla.

Ku ɗauka kun je bikin fasaha, kun shiga wani ɗan ƙaramin zaure. A bakin ƙofa an ba kowa guntuwar takarda da biro, an ce ya rubuta duk abin da ya zo masa a rai ya jefa a bokiti. Can sai mutum ɗaya ya hau dandamali, ba shi da komai sai makirufo. Ya zura hannu ya zaro takarda, ya karanta da ƙarfi, nan take kuma ya shiga ba mutane dariya a kan abin da ya karanta. In ya gama ya zaro wata. Haka har awa guda. Wani wurin ba bokiti, ihu kawai ake yi masa daga cikin taro.

Ɗan barkwanci na yau da kullum ba haka yake aiki ba. Labarin da kuka ji yana bayarwa kamar yanzu ya faɗo masa, ya yi watanni yana goge shi a ƙananan wurare, ya san kalmar da zai ja, ya san inda zai yi shiru. Shi kuwa mai bokiti ya ajiye wannan garkuwar a gida. Ko kuwa dai haka ake gani. Zan dawo kan wannan.

Abin ya daɗe. A Italiya, tun ƙarni na 16, akwai 'yan wasan da ake kira commedia dell'arte, waɗanda ƙashin labarin kawai suke da shi, maganganun kuwa a kan dandamali ake ƙirƙirarsu. Amma kowannensu yana da 'yan dabarun ban dariya da ya haddace, in wasa ya fara sanyi sai ya jefo ɗaya. Ku riƙe wannan.

Salon karɓar shawara daga masu kallo kuwa, a Chicago ta Amurka ya yi ƙarfi. Wata malama, Viola Spolin, ta tsara wasanni don koyar da yara, da yawansu 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar, yadda za su saki jiki a dandamali. Ɗanta Paul Sills ya ɗauki waɗannan wasanni, shi da David Shepherd suka kafa ƙungiyar wasa ta Compass Players a 1955, daga baya aka buɗe gidan wasa na Second City a 1959. A Ingila kuwa, abin dariya, doka ce ta tare hanya. Har zuwa 1968 sai ofishin Lord Chamberlain, wani babban jami'in fadar masarautar, ya karanta rubutun wasa ya amince kafin a nuna wa jama'a. To wasan da ba shi da rubutu, me za ka kai wa mai tacewa? (Dariya.) Keith Johnstone, wani malamin wasan kwaikwayo, ya sha fama da wannan, daga baya ya koma Kanada, inda ya mayar da wasan nan-take gasa tsakanin ƙungiyoyi, mai alkalai da maki.

Me ya sa abin ya fi kama ƙasa a bukukuwa? Ku dubi Edinburgh ta Scotland. A 1947 ƙungiyoyi 8 da ba a gayyace su babban bikin birnin ba suka je suka yi wasanninsu a gefe. Daga nan aka sami bikin Fringe, wanda har yau ba shi da kwamitin da ke zaɓar wanda zai shiga. Duk watan Agusta ana nuna dubban wasanni cikin kusan mako 3, kuma ɗan wasa yakan hau dandamali kusan kowane dare a zaure ɗaya. Mai rubutaccen barkwanci, in ka gan shi sau ɗaya ka gama da shi. Mai bokiti kuwa, za ka iya komawa gobe da jibi, ka kuma ja abokinka.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Mutane suna zaton takardar ita ce ke ba ɗan wasa abin dariya. Ni ban yarda ba. Yawancin abin da ake rubutawa ba shi da wani armashi. Ba wa mutum biro a inda ba mai ganinsa, sai ya rubuta banɗaki, ko surukarsa, ko sunan ɗan siyasar da ya tsana. Dare bayan dare abu ɗaya. Aikin takardar shi ne shaida. Ita ce ke tabbatar wa mai kallo cewa abin da yake ji ba a taɓa faɗarsa ba sai yanzu, kuma da hannunsa a ciki. Wannan ne ya sa maganar da a rubuce ba za ta motsa kowa ba, a zauren sai ta kayar da mutane. Shi ya sa kuma in ka kalli bidiyon irin wannan wasa daga baya sai ka ji salam, kana mamakin me suke wa dariya haka.

Ƙa'idar farko da ake koya wa masu wannan sana'a ita ce: karɓi abin da aka miƙo maka, ka ƙara a kai. Kada ka ce wannan takardar ba ta yi ba, a ba ni wata. Johnstone ma yakan gargaɗi ɗalibansa da su daina wahalar neman abin burgewa, su faɗi abin da ya fara bayyana a fili. Mai neman ya nuna wayo shi ne ke daskarewa.

Na taɓa zama a irin wannan zaure. Takardar farko da mutumin ya zaro, an rubuta "lema". Shi ke nan, kalma ɗaya. Bai yi gaggawa ba. Ya maimaita ta sau biyu, ya ɗaga takardar ya yi wa rubutun tsiya, ya tambayi wa ya rubuta. Wata baiwar Allah ta ɗaga hannu, ta ce ta manta tata a jirgin ƙasa ne da safe. Duk wannan sayen lokaci yake yi, amma yana saurare. Sai ya zama lemar, yana kukan an yashe shi bayan shekaru yana shan ruwa saboda wata. An yi dariya, ba mai yawa ba. Ya wuce. Bayan wajen minti 40 ya zaro takardar da ke cewa "ganawar neman aiki", sai kawai ya gyara murya, ga lemar nan ta dawo, ta zo neman aiki, ana tambayarta dalilin barin wurinta na baya. Zauren ya kece. Matar har da hawaye.

Ku lura, ba saurin baki ne ya yi wannan ba. Kunne ne da riƙo. Kuma ba na shakka wannan dabarar ta mayar da kaya mai magana, da ta dawo da abin farko a ƙarshe, ya yi su sau ɗari. Wani zai ce ashe yaudara ce. A'a. Kamar 'yan wasan Italiyan nan ne: ma'aunin tsoho ne, abin da aka zuba a ciki ne sabo. Yau da gobe ce ta ba shi.

Inda nake da ƙorafi shi ne nan. Mai rubutu yana da daren da zai sake tunani ya goge maganar da za ta cutar. Mai bokiti ba shi da shi. Idan shiru ya yi tsawo, gumi ya fara keto masa, abu mafi arha shi ne ya juya kan na layin gaba, ya taɓa ƙibarsa ko sanƙonsa ko yadda yake magana. Za a yi dariya, amma wannan mutumin ba zai sake ɗaga hannu ba, na kusa da shi ma haka. Masu kallo suna yafe wa ɗan wasan da ya gwada ya faɗi, har sukan fi sonsa in ya amsa cewa ya faɗi. Da zarar sun ji tsoronsa kuwa, bakinsu ya mutu, kuma wasan da bakinsu yake tafiya.

Na ga ana nuna mini agogo. An ce akwai tambayoyi a rubuce, ga su can a kwando. To, a miƙo mini, in zaro ta farko mu gani.