Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa Bature ba ya "shan" magani?

Mai gabatarwa: Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Zariya. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan Turanci suka taru, ga dukkan alamu jarrabawar WAEC ce ta ƙarato. Don haka muka gayyato wani malami da ya daɗe yana koyar da Turanci a makarantun sakandaren garin nan. Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai, Hajiya. Allah ya sa mu amfana.

Mai gabatarwa: Amin. Ta farko daga wani tela ce a Sabon Gari. Ya ce ɗansa ya rubuta "I drank two tablets", malami ya zabga masa jan biro. Yana tambaya, in ba sha ake yi wa magani ba, to me ake yi masa?

Malam: Allah sarki, yaron bai yi ƙarya ba, da Hausa ya yi tunani. Mu wurinmu kalmar sha gonarta faɗi gare ta. Muna shan ruwa, muna shan mangwaro, muna shan iska, muna shan taba, muna shan wahala, ƙungiyar ƙwallo ma ta je ta sha kashi. Shi kuwa "drink" na Bature bai wuce abin da yake ruwa-ruwa ba. Ƙwayar magani "take" ake yi mata, mangwaro "eat", taba "smoke". Da za ka ce wa Bature za ka fita shan iska kalma da kalma, sai ya tambaye ka da wane kofi.

Abin da nake so maigida ya gaya wa yaronsa shi ne, kowace kalmar Turanci tana da abokan tafiyarta, kuma ba a haddace ta ita kaɗai. Kamar ɗinki ne, shi ya fi ni sani: ba kowane zare ke hawa kowane yadi ba. Dubi "yi" namu, Turanci ya raba shi biyu. Kuskure "make a mistake" ne, aikin gida na makaranta kuma "do homework". Ruwan sama in ya sauko kamar da bakin ƙwarya "heavy rain" ne, ba a cewa "strong rain". In yaro ya buɗe ƙamus, kada ya tsaya kan ma'ana, ya karanta jumlar misalin da ke ƙasa, nan abokan tafiyar suke.

Mai gabatarwa: To madalla. Ga wata ɗaliba daga Kongo. Ta ce kullum ƙawarta na yi mata dariya in ta ce "borrow me your biro", alhali kowa haka yake faɗi a ɗakin kwanansu.

Malam: Wannan ta sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi, don ni ma na sha dariya a kanta. Muna aji ɗaya a sakandare muna da wani malamin lissafi ɗan Ghana, lokacin suna da yawa a makarantunmu. Ran nan na manta rula a gida, na ɗaga hannu na ce, "Sir, borrow me a ruler." Mutumin nan bai ce mini kanzil ba. Ya ajiye alli, ya kakkaɓe hannunsa, ya bi layin kujeru ɗaya bayan ɗaya yana roƙon yara, wa zai ba shi aron rula ya kai wa wannan bawan Allah. Ga tasa rular kuwa a kan tebur, doguwa ta katako, ina kallonta. Aji ya fashe da dariya. Sai da ya karɓo ya miƙo mini sannan ya ce, abin da ka aike ni ke nan, ka ce in aro maka.

Ga inda gizo ke saƙar. Mu da Hausa kalma ɗaya muke juyawa. Na ari biro a wurinsa, na ara masa biro, ara mini biro. Ƙarshen kalmar ne kawai ke sauyawa, sai ka gane wa ya bayar, wa ya karɓa. Turanci kuwa kalma biyu ya ware. Mai karɓa shi ke "borrow", kuma "from" ke bin ta. Mai bayarwa shi ke "lend". Saboda haka ɗiyata, ko dai ki ce "lend me your biro", ko ki ce "can I borrow your biro?" A ɗakin kwana kowa zai gane ki, ban ce ba, amma mai duba takardar jarrabawa ba ɗan ɗakinku ba ne.

Kuma kada ki ɗauka Hausa ce ta gaza. Akwai inda muka fi su tsefe magana. Mu mun raba aro da rance. Tabarma, tsani, keke, aronsu ake yi, don su ɗin za ka mayar. Kuɗi ko tiyar masara kuwa rance ne, don ba wanda ka karɓa za ka mayar ba, madadinsa ne. Bature duk "borrow" ya ce ya huta, ko tsani ne ko naira dubu biyar.

Mai gabatarwa: Ashe mu ma da tamu gwanintar. Malam, wani ma'aikacin ofis daga Samaru ya ce shugabansa ya soke kalmar "about" a takardar da ya rubuta "we shall discuss about the budget". Yana so ya san ko son gyara ne kawai irin na manya.

Malam: A'a, shugaba ya yi daidai. "Talk" ce ke jan "about", ita "discuss" kai tsaye take faɗawa kan abin da ake tattaunawa. Haka "enter": ana cewa "go into the room", amma "enter the room", ba a ƙara mata "inside". Turanci ya cika da irin waɗannan tagwaye, ɗaya ta gida, ɗaya baƙuwa. Tun da Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin suka yi ta kwarara cikin harshen, suka zauna kusa da na gado, kowace da halinta. Wasu kuma ba sa fita sai da ɗan rakiya: "listen to", "depend on". Tun da a ofis yake, ya kula da waɗannan ma: "advice", "information", "furniture", "equipment" ba sa ɗaukar "s", ko da sun cika mota.

Mai gabatarwa: Sai wani direba da ke lodi a Kwangila. Ɗansa ne ya rubuta masa. Ya ce me ya raba "stop to" da "stop" mai biye da "ing"? Wai an ce masa duk ɗaya ne.

Malam: Wanda ya ce masa duk ɗaya ne ya so ya haɗa shi faɗa da limamin unguwarsu. Bari in ba shi misali daga kan titi. Kun taso daga Zariya za ku Kano, la'asar ta yi, direba ya gangara gefen hanya aka yi alwala. Wannan shi ne "the driver stopped to pray", ya tsaya don ya yi salla. In kuwa ka ce "the driver stopped praying", to ka ce direba ya daina salla. Subhanallahi! Ƙazafi ke nan da haruffa uku.

Wasu kalmomin ba su ma ba ka zaɓi. "Enjoy", "avoid" da "finish" sai "ing": "I enjoy driving". "Want", "decide" da "refuse" sai "to": "I want to drive". Akwai kuma masu sauƙin kai irin "begin", ko wanne ka ba ta ta karɓa. Ba wata dabara da za ta nuna maka wace ce wace daga kallon fuska, sai kunne ya saba.

Mai gabatarwa: Malam, injiniya yana ta ɗaga mini hannu ta bayan gilashi, amma ga wata gajera daga wata uwargida a Tudun Wada. Ta ce baƙuwarsu Baturiya ta rikice da 'yarta ta ce "I am coming" ta kuma fice daga falo.

Malam: "Ina zuwa" ce ta saka kwat. Mu mukan faɗe ta muna ba mutum baya. Bature kuwa in ya ji "I am coming", gabansa yake duba, yana jiran ka iso. In fita za ta yi ta dawo, ta ce "I'll be right back".

Mai gabatarwa: To jama'a, akwai sauran wasiƙu daga Gyallesu da Wusasa a kan "a" da "the", Malam ya yi alkawarin dawowa mako mai zuwa. Malam, mun gode.

Malam: Ni ke da godiya, Hajiya. A ce wa ɗiyata ta Kongo ta sayi nata biron.