"Wallahi ban gan shi ba": abin da ke faruwa da mai keke a shataletale

Assalamu alaikum jama'a. Duk lokacin da mota ta bige mai keke a shataletale, kafin mutane su gama taruwa za ku ji direba yana rantsuwa: "Wallahi ban gan shi ba!" 'Yan kallo su ce ƙarya yake yi. Sau da yawa kuwa gaskiya ya faɗa. Ya duba, idonsa biyu, amma bai gani ba. Ku biyo mu ku ga yadda hakan ke faruwa.

Dokar wurin gajeriya ce: wanda ke cikin zagaye shi ke da hanya, mai shigowa shi zai jira. A Birtaniya aka mayar da wannan doka a 1966, daga nan ta bazu a duniya. A Najeriya, tun ranar 2 ga Afrilu 1972 da aka koma tuƙi a hannun dama, mai shiga shataletale hagunsa zai duba, kamar yadda ake yi a Nijar. Kuma dokar ba ta ware kowa ba. Ɗan makaranta a kan kekensa, in dai ya riga ya shiga, matsayinsa ɗaya da mai jif.

Ga masu mota, shataletale alheri ne. Mahaɗar hanya huɗu tana da wurare 32 da mota za ta iya karo da 'yar'uwarta, shataletale mai layi ɗaya kuwa 8 kacal. Sai dai rabon bai kai ga mai keke ba. A 2008 masu bincike a Beljiyam suka duba wurare 91 da aka mayar shataletale a yankin Filandas, suka tarar haɗarin da ke jikkata masu keke ya ƙaru da kashi 27 cikin 100. Wanda ke kai wa ga mummunan rauni ko rasa rai kuwa ya ƙaru da fiye da kashi 40. A ƙasar da direbobi suka saba da masu keke ke nan fa.

To ina matsalar take? Wuri na farko shi ne bakin shiga. Ga direba yana tunkarar shataletale. Ba ya son tsayawa, so yake ya samu 'yar kafa ya kutsa. Sai ya jefa ido hagu, kallon da bai wuce daƙiƙa ɗaya ba. Abin da zuciyarsa ke nema shi ne abin da zai iya cutar da shi: tifa, bas, adaidaita sahu. Inda ya saba ganin su, wato tsakiyar kwalta, nan idon ke sauka. Mai keke fa? Ya raɓe can bakin titi, jikin dakali, siriri, ba ƙara, ba fitila. Idon ya bi ta kansa ya wuce.

Akwai kuma ƙarfen nan da ke tsakanin gilashin gaba da gilashin ƙofar direba. A motocinmu sitiyari na hagu, saboda haka ƙarfen yana dab da idon direba, a daidai ɓangaren da mai keke zai ɓullo. Ku gwada wani abu yanzu: ku ɗaga babban yatsa kusa da ido, ku kalli mutumin da ke nesa. Ya ɓace, ko? Haka ƙarfen ke haɗiye mutum da kekensa. In aka yi rashin sa'a gudun motar da na keken suka yi daidai, mai keken zai ci gaba da tafiya a bayan ƙarfen nan har zuwa lokacin da za a ji "garam!" Maganinsa ba ya cin ko sisi. Direba, ka sunkuyo da kai gaba, ka koma baya, ka sake dubawa.

Wuri na biyu shi ne bakin fita, kuma ni a ganina nan ne babu uzuri ko kaɗan. Mai keke yana bin gefen dama, zai wuce wannan hanyar ya fita a ta gaba. Direba ya zo ta hagunsa, ya wuce shi da rabin mota, sai ya karya kan motar dama zai fita. Ya yanke masa hanya ke nan. A nan ba za ka ce ba ka gan shi ba, tunda yanzun nan ka wuce shi. In kuwa tirela ce, abin ya fi muni, domin tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna matsowa ciki ne su cinye ɗan filin da mai keke ke taƙama da shi.

Shi ya sa shawarar da zan ba ka, malam mai keke, za ta zo maka banbaraƙwai. Gefen nan da kake ganin mafaka ce, nan ne aka fi bige mutane. A shataletale mai layi ɗaya, tun kafin ka iso ka waiga, ka miƙa hannu, ka shiga tsakiyar layin ka zauna daram kamar kai ma mota ce. Mai shigowa zai gan ka, na bayanka kuma ba shi da wurin da zai matse ka. Za a danna maka hon, wataƙila har da baƙar magana. Ka ƙyale, tafiyar ba ta kai minti ɗaya ba. Ka kalli tayar gaban motar da ke jira, ita ce ke fara nuna za ta motsa. Kafin ka fita, ka miƙa hannun dama. Kada ka taɓa shiga tsakanin babbar mota da dakali. Idan shataletalen mai layi biyu ko uku ne, ga cunkoso, ga buhu a bayan keke, ka sauka ka tura ka tsallaka da ƙafa. Da daddare kuma, fitila gaba da baya da riga mai haske.

Kai kuma direba, babban abin shi ne gudu. Motar da ke kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, kafin ma ƙafarka ta taɓa birki. A kilomita 30, mita 8 ne. Wannan tazarar ita ce ran wani. Ka kunna sigina kafin ka fita, kuma in ka tarar da keke a cikin zagaye, ka bi bayansa. A Birtaniya, tun Janairun 2022 an rubuta wannan a littafin ƙa'idojin hanya: kada direba ya wuce mai keke a cikin layinsa a shataletale, a sauran tituna kuma ya bar masa aƙalla mita 1.5.

Mutanen Holan su ba su tsaya ga wa'azi ba, titin suka gyara. Hanyar shiga shataletalensu matsattsiya ce, tana shigowa a miƙe yadda dole sai ka taka birki. Masu keke suna da nasu zoben daban, mai jar kwalta, an janye shi baya kimanin mita 5, tsawon mota ɗaya. Direban da zai fita sai ya ga mai keke ta gilashin gaba, ba ta madubi ba, kuma yana da wurin tsayawa ya jira shi. Ingila ma ta kwaikwayi wannan tsari a birnin Kambirij a 2020. Abin lura, masu binciken nan na Beljiyam sun gano cewa shafa fenti kawai a gefen zagaye a ce layin keke ne, shi ya fi sauran tsare-tsaren haɗari, domin yana tura mai keke daidai inda ba a ganin sa.

A bidiyo na gaba za mu shiga cikin tifa, mu sa kyamara a kujerar direba, mu jera kekuna a gefenta, ku ƙirga da kanku nawa ake iya gani. Sai mun haɗu.