Daga Dover: Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, yadda take a bakin iyaka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga Dover nake magana da ku, a kudu maso gabashin Ingila. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a kan tudu nake. Bari in juya kyamara. Layin tirelolin can da kuke hange a ƙasa, duk jirgin ruwa suke jira ya tsallakar da su Calais ta Faransa, tafiyar awa ɗaya da rabi. In harka ta buɗe, tirela kan kai 10,000 a rana, masu shiga da masu fita. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kayan da ake cinikinsu tsakanin Birtaniya da Tarayyar Turai ta wannan ƙofa suke bi. Duk gardamar Brexit, wato ficewar Birtaniya daga Tarayyar, da aka tafka a majalisa, a nan take sauka ƙasa.

An kaɗa ƙuri'ar raba gardama ranar 23 ga Yunin 2016. Masu son a fita suka samu kashi 51.9, masu son a zauna kashi 48.1. Ingila da Wales suka ce a fita, Scotland da Ireland ta Arewa suka ce a zauna. Masu son fita hujjarsu uku ce: doka ta koma hannun majalisar Landan, a tsayar da shigowar 'yan Turai ba ƙaidi, a daina tura kuɗi Brussels, hedikwatar Tarayyar. Har bas suka zagaya da ita ɗauke da rubutun fam miliyan 350 a kowane mako, wai a zuba su a asibitoci. Wannan adadi bai cire rangwamen da Birtaniya ke samu ba, bai kuma cire abin da ke dawowa ga manoma da yankuna ba. Ɗaya ɓangaren suka ce kusan rabin cinikin ƙasar da maƙwabtan nan ake yi, kada a gina katanga a ƙofar kasuwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, takardar ƙuri'ar ba ta tambayi mutane irin fitar da suke so ba. Akwai kasuwar bai ɗaya, inda ƙa'idar kaya iri ɗaya ce kuma mutane na zirga-zirga ba shamaki. Akwai kuma ƙawancen kwastam, inda kuɗin fiton kayan waje iri ɗaya ne. Norway ba ta cikin Tarayyar, amma tana kasuwar. Turkiyya ba ta ciki, amma tana da ƙawancen kwastam da ita. Wanne za a ɗauka? A kan wannan aka kwashe shekara uku ana kai ruwa rana. Firayim Minista ta lokacin, Theresa May, ta miƙa takardar fita ƙarƙashin sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayyar ranar 29 ga Maris 2017, agogon shekara biyu ya fara bugawa tun ba a daidaita a gida ba. A ganina babban kuskuren ke nan, domin wanda wa'adi ke binsa shi ne mai rauni a teburin ciniki. Sau uku majalisa tana watsi da yarjejeniyarta a 2019, karon farko da ƙuri'a 432 da 202. Magajinta Boris Johnson ne ya fitar da ƙasar ranar 31 ga Janairun 2020, daga baya aka bar kasuwar da ƙawancen gaba ɗaya a ƙarshen shekarar.

To, mu sauko kan waɗannan tireloli. Yarjejeniyar cinikin da aka cimma ranar 24 ga Disambar 2020 ta ce babu kuɗin fito, babu ƙayyade yawan kaya. Mutane da yawa suka ɗauka komai zai tafi yadda yake. Ina! Kafin tirela ta hau jirgi, mai kaya sai ya mallaki lambar rajistar kwastam da ake kira EORI. Kowane nau'in kaya sai an nemo lambarsa ta kwastam mai alƙaluma takwas. A cike takardar fitarwa a nan, wani ya cike ta shigarwa a can. Sai a haɗa su cikin lamba guda da direba zai nuna a ƙofa. Yana cikin jirgi zai ga lambar motarsa a allo: kore ya wuce, ruwan lemo ya tsaya bincike.

Rashin kuɗin fiton ma da sharaɗi, sai kayan asalinsu na Birtaniya ne ko na Turai. Ɗauki riga da aka ɗinka a Bangladesh, aka sauke ta a sito a Manchester, sannan aka tura ta shago a Paris. Ba ta zama 'yar Birtaniya don ta kwana a sito ba, za a caje ta kashi 12 cikin ɗari. Shi ya sa kamfanoni da dama suka buɗe sito a Holland ko Jamus, ayyukan yi suka bi su can.

Abinci ne ya fi jin jiki. Nama, madara, cuku, kifi, kowane kaya sai da takardar shaidar lafiya da likitan dabbobi ko wani jami'i mai izinin gwamnati ya sa wa hannu ya buga hatimi, kuma a sanar da hukumar can kwana ɗaya kafin isowa. Kifi ma ba a Calais ake duba shi ba, sai an ƙarasa Boulogne. Yanzu ku ƙaddara tirela guda ta ɗebo kayan ƙananan 'yan kasuwa goma sha biyar. Takardar mutum ɗaya ta samu kuskure, ko nauyin da aka rubuta bai yi daidai da na kwali ba, duk motar ce za ta tsaya. Kifi kuwa ba ya jiran kowa. Babban kamfani yana da ma'aikatan da wannan ne aikinsu. Mai ƙaramin wurin cuku da ke tura kwali ashirin, kuɗin takarda kaɗai ya cinye ribar, dole ya haƙura da kasuwar. Wannan shi ya fi damuna, don irinsu ba a jin muryarsu a muhawara.

Ta ɓangaren shigowa, Birtaniya ta ɗage nata binciken sau biyar, sai Afrilun 2024 aka fara. Wurin binciken ma a Sevington yake, kusan mil 22 daga nan.

Ireland ta Arewa kuwa, wadda yanki ne na Birtaniya, darasi ne mai zaman kansa. Iyakarta ta ƙasa da Jamhuriyar Ireland, wadda ke cikin Tarayyar, ta kai mil 310, kuma saboda sulhun 1998 da ya kawo ƙarshen rikicin yankin ba wanda ke son shingen kwastam a can. Sai aka mayar da binciken tashoshin ruwa, tsakanin ɓangarori biyu na ƙasa ɗaya.

Maganar baƙi ta shafe mu kai tsaye. Da aka rufe ƙofar 'yan Turai a Janairun 2021, asibitoci da gidajen kula da tsofaffi suka rasa ma'aikata, aka buɗe biza ga Indiya da Najeriya da sauransu. A 2023 rarar masu shigowa a kan masu fita ta haura 900,000 a shekara, ninkin ba ninkin abin da ake kuka da shi a 2016. Sai aka juyo aka matse: tun farkon 2024 yawancin ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi ba sa zuwa da iyali. Mai shirin tahowa ya karanta dokar yau, kada ya dogara da labarin wanda ya shigo a 2022.

Masu goyon bayan fita za su nuna maka yarjejeniyoyin da aka ƙulla da Ostireliya da New Zealand da Indiya, su ce yanzu ƙasa ke yanke wa kanta hukunci. Gaskiya ne. Sai dai ofishin da ke yi wa gwamnati hasashen kasafi ya ƙiyasta cewa a dogon zango ƙarfin tattalin arziki zai ragu da kusan kashi 4 idan aka kwatanta da zama a ciki. A Mayun 2025 gwamnatin Keir Starmer ta daidaita da Brussels a kan a ƙulla yarjejeniyar da za ta rage binciken abinci. Farashinta shi ne bin ƙa'idojin Turai a kan abinci, da barin masuntan Turai su ci gaba da kamun kifi a ruwan Birtaniya har 2038.

'Yan'uwanmu na Nijar da suka bar ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025, tarihin daban ne, dalilan ma daban. Amma tambayoyin da zan so a riƙa yi su ne irin na nan: wace takarda mai tirelar albasa zai nuna a iyaka, nawa zai biya, wa zai sa hannu?

Ga wani jirgi can ya fara lodi. Mai niyyar tsallakawa da fasfon Birtaniya, in ba da biza ba, kwana 90 ne cikin kowane 180, ba ƙari. Kada kuma ka sa nama ko madara a jaka, ko da a cikin burodi ne. Dokar da ke sa a karɓe kilishi a filin jirgi, ita ce yanzu ke aiki a kan wanda ya taso daga Dover.